Ruwan Zafi a Gidan da Babu Bututun Gas: Wace Hanya Ce Ta Fi Dacewa?

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, masu sayar da kayan famfo da na lantarki kan fara samun masu tambaya iri ɗaya: wace na'ura ce za ta ba iyali ruwan wanka mai ɗumi ba tare da an riƙa tashi cikin dare ana hura wuta ba? Amsoshin da ake bayarwa sun sha bamban. Wani ya ce hita, wani ya ce sola, wani ya ce gas ya fi arha. Wanda ya nemi bayani a intanet kuma sai ya tarar da shawarwarin da aka rubuta domin gidajen Ingila ko Ostireliya, inda ake auna kowace na'ura da tukunyar da ke aiki da gas na bututu. A can, gidan da bututun gas bai kai gare shi ba shi ne bare. A Birtaniya irin waɗannan gidaje kimanin miliyan 4 ne. A Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram kuwa, kowane gida haka yake. Saboda haka dole a sake gina tambayar bisa halin da ake ciki a nan: wutar da ke zuwa ta tafi, ruwan da ke saukowa daga tankin sama ba ƙarfi, rana mai yawa, da buƙatar da ta fi tsanani da asuba, lokacin da babu rana kuma ba lallai a samu wuta ba.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Gas iri biyu ne. Na bututu shi ne wanda ake haƙowa daga ƙasa a tura shi ta bututu har cikin gida, kamar yadda ake yi a biranen Aljeriya da Masar da yawancin Turai. Ya fi iska rashin nauyi, idan ya tsiyaya sama yake yi. Na tukunya, wanda ake rubutawa LPG, shi ne na silindar girki mai kilo 6 ko 12.5. Ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru. Babban bututun AKK mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, na tashoshin lantarki ne da masana'antu. Isowarsa Kano ba ta nufin za a ja shi unguwa-unguwa zuwa banɗakunan jama'a, don haka mai gini a yau kada ya sa shi cikin lissafi.

Bambancin gas ɗin nan biyu yana da muhimmanci ga mai sayen kayan gwanjo. Na'urar da aka ƙera domin gas na bututu ƙofar fitar gas ɗinta ta fi faɗi. Idan aka jona mata silinda ba a canza wannan ƙofa ba, harshen wutar zai yi ja, ya yi hayaƙi, ya riƙa fitar da guba.

Kalmar hita ita ma abu uku take ɗauka: ƙarfen da ake tsomawa a bokiti, da tulun da ake maƙalawa a bango mai ajiye lita 15 zuwa 100, da ƙaramar na'urar da ke ɗumama ruwa nan take yayin da yake wucewa. Sola kuma abu biyu ce: farantan da ke mayar da hasken rana lantarki, da na'urar da ke kama zafin rana kai tsaye ta zuba shi cikin ruwa ba tare da lantarki ya shiga tsakani ba. Yunit, wanda ake saya a mita, shi ne abin da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 ke ci cikin awa guda.

Lissafin da ba ya canzawa

Ko da itace aka yi aiki ko da rana, zafin da ruwa ke buƙata ɗaya ne. Ɗaga lita 100 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin yunit 4.65, a ce biyar idan aka haɗa da abin da ke ɓacewa. Bokiti mai lita 20 da aka ɗaga daga digiri 18 zuwa 40, wato ɗumin wanka, yana cin kusan rabin yunit. Lita 100 mai digiri 60, idan aka surka ta da ruwan sanyi, takan ba da bokiti tara ko goma na wanka. Gidan mutum takwas zuwa goma masu wankan bokiti ke nan. Masu shawa sukan ci ninki biyu na haka ko fiye, domin shawa mai zubar da lita 6 a minti tana cinye bokiti biyu cikin minti bakwai.

Daga nan kowa zai iya auna kuɗinsa. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin yunit ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225, daga baya ya daidaita a wajen 209. Da wannan farashi, yunit biyar a rana ya haura naira 1,000 kaɗan. Wata huɗu na sanyi kimanin naira 125,000 ke nan. Shekara cur kuma kimanin 380,000. Sauran rukunai suna biyan kashi ɗaya cikin uku na wannan farashi ko ƙasa, amma alkawarin da aka yi musu awa 16 ne ga B, 12 ga C, 8 ga D, 4 ga E, kuma ba su ke zaɓar lokacin da za ta zo ba.

Wannan bambanci na wata huɗu da wata goma sha biyu shi ne abin da masu talla suka fi tsallakewa. A Jos ko Gembu ana buƙatar ruwan zafi kusan duk shekara, na'ura mai tsada takan mayar da kuɗinta da wuri. A Sakkwato ko Nguru, inda daga Maris zuwa Yuni ruwan tanki da kansa yake ƙuna, na'urar za ta yi watanni tana zaune, lokacin mayar da kuɗinta kuma ya ninka sau biyu ko uku.

Lantarki

Ƙarfen tsomawa a bokiti ya fi kowanne arha, ya kuma fi kowanne haɗari. Yawancinsu ba su da wayar da ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, wadda masu wayarin ke kira atin. Idan ƙarfen ya tsage, ruwan bokitin gaba ɗaya ya zama wuta, yaron da ya tsoma hannu don ya ji ko ya yi zafi shi ne zai fara ɗauka. Haɗari na biyu ya samo asali ne daga yanayin wutarmu: an jona, aka ɗauke wuta, aka cire ƙarfen daga ruwa aka ajiye ba a zare daga soket ba, wuta ta dawo cikin dare. Gobarar hunturu da dama daga nan take tashi. Inda ba makawa sai an yi amfani da shi, a zare shi daga soket kafin hannu ya taɓa ruwan, kuma kada a bar wa yara aikin. Butar lantarki mai kashe kanta idan ta tafasa ta fi shi aminci nesa ba kusa ba.

Na'urar nan take tana da ban sha'awa domin ƙarama ce kuma ba ta ajiye ruwa, amma ƙarfin da take nema yana da yawa. Ɗaga ruwan shawa mai lita 6 a minti da digiri 20 kacal yana buƙatar wat 8,400, wato amfiya 36 a kan wutar bolt 230. Wayarin yawancin gidaje bai kai nan ba, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, inbatar gida ma haka. Ƙananan masu wat 3,500 lita biyu da rabi kawai suke iya ɗumamawa haka a minti, kuma idan wuta ta zo da rauni, kamar yadda takan zo da yamma a unguwanni masu cunkoso, ruwan da ƙyar zai kashe sanyi. Babbar illarta ita ce sai da wuta a daidai lokacin wanka. Mai buƙatar wankan tsarki da ƙarfe biyar na asuba ba shi da wannan tabbaci.

Tulun bango ya fi dacewa da yanayinmu saboda dalili ɗaya: yana raba lokacin ɗumamawa da lokacin wanka. Mai lita 50 da ƙarfin wat 1,500 yana kai ruwa digiri 60 cikin kimanin awa ɗaya da rabi, sannan ya riƙe zafin kamar yadda filas ke riƙe na shayi. Wutar da aka kawo ƙarfe ɗaya na dare za ta yi amfani da asuba ko da an ɗauke ta ƙarfe uku. Ingancinsa yana ga kaurin abin da aka naɗe tankin da shi. Mai kyau kan yi asarar kusan yunit guda a yini, maras kyau ya fi haka sosai. Zai fi kyau mai saye ya tambayi wannan kafin ya tambayi launi ko ƙasar da aka ƙera shi.

Abin da ba ya da riba ko kaɗan shi ne tayar da janareta don ɗumama ruwa. Ƙaramin janareta kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fetur yake zubarwa a hayaƙi da zafin inji. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, babu hanyar da ta kai wannan tsada.

Gas na silinda

Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 13. Na'urar ɗumama ruwa ta gas tana shigar da kimanin yunit 10 daga ciki cikin ruwa. Tukunya a kan murhun gas kuwa kamar shida kawai, sauran yana bin gefen tukunya ya tafi. Wannan ya ba da ma'auni mai sauƙi: idan kuɗin kilo ɗaya bai kai kuɗin yunit goma ba, na'urar gas ta fi lantarki arha. Ga ɗan rukunin A, muddin kilo bai kai naira 2,000 ba, gas ne a gaba. Ga ɗan rukunin C ko D, lantarki ya fi arha idan ya samu. Silinda mai kilo 12.5 za ta yi kusan mako huɗu tana ba da lita 100 a rana.

Masu goyon bayan gas suna da hujja mai ƙarfi. Ba ruwansa da ɗauke wuta, domin yawancin na'urorin da batir biyu na tocila suke kunnawa, ba ruwansa kuma da hazo. A Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan lantarki, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, ta jefa yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, da kuma 2023 lokacin da aka yanke wa Nijar wutar da take samu daga Najeriya, duk wata na'urar lantarki ta zama kayan ado.

Sai dai gas yana da sharaɗin da ba a sassautawa. Wutar da ke ci a rufaffen wuri tana cinye iskar shaƙa, sannan ta fara fitar da gubar da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ita ce dai gubar da ke kashe masu kwana da kaskon gawayi ko janareta a ɗaki. Mutum ya ji jiri da ciwon kai, ƙafafu su mutu, ya faɗi bai iya kiran kowa ba. A Indiya da Pakistan da Aljeriya, inda waɗannan na'urori suka yawaita, duk lokacin sanyi ana samun rahoton mutanen da aka tarar a banɗaki rai ya yi halinsa. Banɗakunanmu na zamani, masu ƙaramar taga da ake rufewa ruf saboda sanyi da sauro, su ne ainihin irin wurin da abin ke faruwa. Saboda haka a kafa na'urar a bangon waje ƙarƙashin rumfa, ko a wuri mai iska da bututun fitar da hayaƙi, ruwan zafin kaɗai ya shiga banɗaki ta famfo. Silindar ma a waje, a tsaye, nesa da magudanar ruwa inda gas mai nauyi zai iya taruwa. Duk mai haɗin da ya ce ba komai a sa ta ciki, a nemi wani.

Zafin rana

A nan ne yankinmu yake da rabo mafi girma, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Kowace murabba'in mita a Kano ko Sakkwato ko Yamai tana samun zafin rana na kimanin yunit 6 a yini. Na'urar ɗumama ruwa da rana tana kama wajen rabin wannan. Murabba'in mita biyu ke nan ya isa lita 100 zuwa 150. Ba ta da inji ba ta da famfon tura ruwa: ruwan da ya yi zafi yana rage nauyi ya hau tankin da ke samanta, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, haka har faɗuwar rana.

Abin ba baƙo ba ne. A Isra'ila doka ta wajabta ta a sababbin gidaje tun 1980, a tsibirin Kubrus kusan kowane gida yana da ita, Sin kuma ta fi kowace ƙasa yawanta. A kusa da mu, cibiyar ONERSOL ta Yamai, ƙarƙashin Farfesa Abdou Moumouni wanda jami'ar birnin ke ɗauke da sunansa, ta riƙa ƙera irin waɗannan na'urori a shekarun 1970. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ita ma ta daɗe tana ƙera su. Abin takaici ne a ce ilimin yana nan shekara hamsin amma bai zama sana'ar maƙeran gari ba.

Iri biyu ake samu. Akwai mai shimfiɗaɗɗen faranti baƙi a ƙarƙashin gilashi, akwai mai jerin dogayen kwalabe waɗanda aka zuƙe iskar da ke tsakanin bangonsu biyu don kada zafi ya tsere. Mai kwalabe ta fi yawa a kasuwa, ta fi arha, ta kuma fi kama zafi a ranar da gari ya yi sanyi. Rauninta yana da alaƙa da matsalar ruwanmu. Idan tankin sama ya ƙare aka bar kwalaben babu ruwa a tsakar rana, cikinsu kan haura digiri 200. Ruwan sanyi na shigowa sai gilashin ya fashe, kuma a nau'in da ruwa ke shiga kwalbar kai tsaye, fashewar ɗaya tana zubar da tankin duka. Gidan da ruwa ke yanke masa ya kiyaye: kada a cika ta sai da sassafe ko bayan magariba. Mai faranti ta fi jure wannan, ta fi jure jifan yara, amma ta fi tsada.

Masu suka suna cewa lokacin da aka fi buƙatar na'urar zafin rana shi ne lokacin hazo. Gaskiya ne ƙurar hunturu tana rage ƙarfin rana, kuma akwai ranakun da ruwan ba zai wuce ɗumi-ɗumi ba. Amma kaso mai yawa na asarar daga ƙurar da ta kwanta a kan gilashi yake, wanda shafewa sau ɗaya ko biyu a mako ke magancewa. Kafawar ma tana da tasiri. A Disamba rana tana karkata kudu, don haka na'urar ta fuskanci kudu, a jingine ta kamar digiri 25 zuwa 30, kada inuwar tanki ko katanga ta faɗa mata. Yawancinsu suna da gurbin sa ƙarfen lantarki na ko-ta-kwana domin ranakun da hazo ya yi kauri. Ruwan da aka tara da rana kuma kwana zai yi kafin a yi wanka da shi. Tanki mai kyau digiri 5 zuwa 10 yake saukewa kafin asuba. Idan aka yi wankan yamma da yawa, ruwan sanyin da ya shiga ya maye gurbi zai surka na asuba, saboda haka gidan da ke wanka safe da yamma ya sayi tankin da ya fi lissafinsa girma.

Akwai kuma nauyi. Na'ura mai lita 200 idan ta cika takan kai kilo 300. Rufin kwano a kan katako ba a yi shi don wannan ba. Ko dai dakalin siminti, ko ƙafafun ƙarfe na musamman, kuma tankin ruwan sanyi dole ya fi ta tsawo don ruwa ya gangaro mata.

Wasu kan yi tambaya ta fuskar addini, domin littattafan fiƙihu sun tattauna ruwan da rana ta ɗumama. Wasu malamai, musamman na mazhabar Shafi'i, sun karhanta shi idan a mazubin ƙarfe ne a ƙasa mai zafi, bisa tsoron cutar fata. Wasu, har da Imam Nawawi daga cikinsu, ba su ga karhancin ba. Babu saɓani a kan cewa alwala da wanka da shi sun inganta.

Muhawarar da ta fi sabunta ita ce tsakanin na'urar zafin rana da farantan lantarki. Farantan kashi 20 cikin 100 na hasken suke mayarwa lantarki, don haka yunit biyar a rana yana buƙatar faranti uku masu wat 400, fili ninki uku na na'urar zafi. Amma farashinsu ya faɗi ƙwarai cikin shekaru goma da suka wuce, ba sa fashewa don ruwa ya yanke, kuma idan bazara ta zo wutarsu ta koma wa fanka da firji maimakon ta zauna banza. Ga gidan da ya riga ya mallaki sola da inbata mai ƙarfi, ƙara faranti da sa wa tulun bango agogon da zai kunna shi daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku na rana ya fi ma'ana a ganina. Kuskuren da za a guje wa shi ne ɗumama ruwa daga batir da dare: lita 100 za ta kwashe batir mai yunit biyar kaf, alhali tulun ruwa yana ajiye wannan zafin da kuɗi kaɗan.

Na'urar janyo zafi

Ita ce ake ta yayatawa a Turai da Ostireliya ga gidajen da ke barin gas. Aikinta irin na firji ne amma a juye: tana zuƙo zafi daga iskar waje ta tura shi cikin ruwa, kuma da yunit ɗaya na lantarki takan ba da zafin yunit uku zuwa huɗu. Iskarmu mai ɗumi ta dace da ita. Amma tana da tsada, tana da kwamfireso da ba ya son wuta mai hawa da sauka, tana buƙatar awanni a jere, masu gyaranta kuma ba su yawaita ba. Ta fi dacewa da otal da asibiti da makarantar kwana, inda ake shan ruwan zafi da yawa kullum.

Itace da gawayi

Mafi yawan gidaje har yanzu da su suke ɗumama ruwa, kuma ba daidai ba ne a yi sharhi kamar babu su. Murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itace yake kaiwa tukunya, don haka lita 100 na cin kilo takwas zuwa goma na busasshen itace. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wankan jego, kwana arba'in ana tafasa babbar tukunya safe da yamma. Kuɗin itacen haihuwa biyu ko uku ya isa a fara tunanin na'ura mai ɗorewa, ban da hayaƙin da mai hura wutar ke shaƙa da itatuwan da ake sarewa a yankin da hamada ke matsowa. Wanda bai da halin sayen komai zai iya rage kusan rabin itacen da murhu ingantacce mai kare iska, da rufe tukunya, da fara shanya ruwan a baƙar jarka tun da hantsi.

Ruwan kansa

Na'ura mai kyau takan gaza saboda abin da ba a duba ba tun farko. Na ɗaya ƙarfin ruwa. Tankin da ke mita uku ko huɗu sama da shawa matsinsa kaɗan ne, kuma na'urorin nan take, na gas da na lantarki, ba sa kunnuwa sai ruwa ya zo da wani ƙarfi. Ko a nemi wadda aka yi don ruwa mai rauni, ko a ƙara ƙaramin famfon turawa, wanda shi ma wuta yake so.

Na biyu irin ruwan. Ruwan burtsatse a wurare da dama yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa, wanda ake gani ya daskare fari a gindin buta. Yana lulluɓe ƙarfen hita har ya ƙone, yana toshe siraran bututun na'urar nan take. Wanda butarsa ke yin wannan farin da wuri ya sani tulunsa zai buƙaci wankewa duk shekara ko biyu, tare da canza sandar magniziyam da ke cikinsa, wadda aikinta shi ne ta ci tsatsa a madadin tankin.

Na uku zafin da za a tsayar. Ƙwayar cutar lejiyonela, mai haddasa ciwon huhu mai tsanani idan aka shaƙe ta cikin feshin shawa, tana hayayyafa a ruwan da ya kwanta tsakanin digiri 20 da 45. Shi ya sa ake so tanki ya riƙa kaiwa 60. Amma ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan, na sola kuma a bazara yakan kusa tafasa. Maganin shi ne bawul mai surkawa da kansa a bakin fitar ruwa, wanda zai sauke shi ƙasa da digiri 50 kafin ya iso hannun yaro ko tsoho. A bokiti kuma a fara zuba na sanyi.

Sauran ƙa'idoji gajeru ne amma rai ya rataya a kansu. Kowane tulun lantarki yana buƙatar atin na gaske, da layinsa na kansa daga allon rarraba wuta, da makunnin kariya mai yanke wuta idan ta ɓalle da miliamfiya 30. Bawul ɗin rage matsi da ke ɗigar da ruwa lokaci-lokaci aikinsa yake yi. Toshe shi don a hana ɗigar yana iya sa tulun ya fashe idan na'urar kashe kansa ta lalace. Bututun ruwan zafi kuma PPR ne ko tagulla, domin farin PVC na ruwan sanyi yana laushi ya saki.

Wane gida, wace hanya

Ɗan haya mai ƙaramin iyali, a unguwar da wuta ke samuwa ko da cikin dare ne, tulun bango mai lita 30 zuwa 50 ya ishe shi, kuma zai iya cire abinsa ranar tashi. Mai gidan kansa da iyali masu yawa, wanda ruwa ba ya yanke masa kuma yana da inda zai kafa, na'urar zafin rana mai lita 150 zuwa 300 da ƙarfen ko-ta-kwana ita ce za ta fi sauƙaƙa masa a tsawon shekaru, musamman a Jos da Mambila da sauran wurare masu dogon sanyi. Inda wuta ba ta da tabbas sam kuma buƙatar ta wata uku ce ko huɗu, na'urar gas da aka kafa a waje ta fi arhar saye, sai dai kuɗin cika silinda yana bin kasuwa.

Mai gini sabo yana da damar da sauran ba su da ita. Jan bututun ruwan zafi zuwa banɗakuna da kicin, da kusanto da banɗakunan wuri ɗaya don kada ruwa ya huce a doguwar hanya, da zuba dakalin da zai ɗauki kilo 300 a inda ke fuskantar kudu, da ɗaga tankin sanyi sama da shi, duk ƙaramin kuɗi ne kafin a yi filasta. Bayan an manna tayil, aikin nan sai da fasa bango.